Muƙamuƙin Jakin Malam Mu'awiyya

A makarantarmu da ke wani ƙauye can gefen Kurmin Kogi, abubuwa biyu ne suka girmi ginin: bishiyar darbejiya da ke tsakar fili, da wani muƙamuƙin jaki da aka huda aka zura wa igiya. An sake rufin kwano sau biyu, an yi shugabannin makaranta bakwai, tagogi sun tafi da ƙafafun da ba a gani ba, amma muƙamuƙin nan ko haƙori ɗaya bai fita ba. Mai shi kuwa Malam Mu'awiyya ne, malamin Turanci, wanda duk yankin aka fi sani da Malam Banakula.

Ni Iliyasu, lissafi nake koyarwa a nan. Kafin in zama abokin aikinsa sai da na zama ɗalibinsa, kuma na rataya ƙashin nan kwana goma sha tara a zango ɗaya. Saboda haka in kun ji ina ba da labarinsa da ɗan zafi, ba haka kawai ba ne.

Ɗan gidan malamai ne. Mahaifinsa yana da zaure a Makarfi inda manya ke ɗaukar karatun fiƙihu bayan la'asar, 'yan'uwansa duk suka bi layin, shi kaɗai ya kauce ya faɗa boko. Ya taɓa gaya mini cewa a firamaren da ya yi ma akwai irin wannan ƙashi, kuma shi ne ya fi kowa ratayawa. Ya faɗi haka yana murmushi, kamar mai tuna wani abinci mai daɗi. A ganinsa ƙashin ne ya ba shi Turanci, don haka ranar da aka turo shi ƙauyenmu, kafin ya nemi ɗakin kwana sai da ya nemi inda mushen jaki yake.

Mutum ne dogo, siriri, mai agogon ƙarfe da jan biro a aljihun gaba. Yana noman masara da barkono kamar kowa, yana da 'yar fadamar rake, amma ko a gona Turanci yake wa awaki idan sun shigar masa shuka. Matarsa Azumi ta ce shekara talatin yana mata magana da Turanci tana ba shi amsa da Hausa, kuma har yau ba wanda ya fasa. A gida dai yakan saki jiki ya yi Hausa in yunwa ta matsa. Amma daga ƙofar makaranta zuwa ciki, shekara talatin da huɗu, babu mahalukin da ya taɓa jin kalmar Hausa ɗaya ta fito daga bakinsa.

Dokar ƙashi ba ta da wuyar ganewa. Duk wanda aka kama ya yi Hausa a harabar makaranta, wato banakula, sai a rataya masa. Ba zai rabu da shi ba sai ya kama wani, ya tsaya a gabansa ya faɗa masa da Turanci cewa ka yi banakula, a gaban shaida ɗaya. Wanda kuwa ƙarfen tashi na ranar Juma'a ya same shi da shi, to da shi zai tafi gida, ya ratsa gari da shi a wuya, ya dawo Litinin ya karɓi bulala shida kafin a sauke masa.

An taɓa yin rigima a kan Larabci. Wani yaro ya ce innalillahi aka rataya masa, washegari sai ga kakansa, limamin unguwa, da carbi da sanda. Daga ranar Malam ya yanke hukunci cewa Larabci ba banakula ba ne. Shi ya sa 'ya'yan gidajen malamai suka samu sauƙi, suka riƙa zagin juna da Larabci hankali kwance, 'ya'yan manoma kuwa suka ci gaba da shan ƙashi.

Abin da Malam bai taɓa tsayawa ya duba ba shi ne yadda ƙashin ke sauya wuya. Shi a tunaninsa yara na kasa kunne ne, suna gyara wa juna harshe. A zahiri kuwa, babban yaro in ƙashi ya faɗo masa ba ya ɓata lokacin kasa kunne. Zai nemi ƙarami ne ya take masa ƙafa, ƙaramin ya ce wayyo, shi ke nan an yi banakula, shaidu kuma ga su nan birjik. Mu ma haka muka yi a zamaninmu, na take an take ni.

A shekarar da Malam zai yi ritaya, ƙafar da aka fi takewa ita ce ta Hindu.

Hindu 'yar aji biyu ce, ƙarama, mai i'ina. Da Hausa i'inar kan ɗan sassauta mata, amma da zarar Turanci ne a gaban mutane sai harshen ya ƙulle. Wannan ya sa ta zama ma'ajiyar ƙashi. Ja'afar, wani ƙato da ya maimaita ajin har benci ya san shi, shi ne ya fara gano cewa ko Hindu ta ji mutum ya yi Hausa, kafin ta gama furta jimlar kamu mutumin ya kai bakin rijiya. Tun daga nan kowa ya huta. Juma'a biyar a jere ta ratsa gari da muƙamuƙin jaki a kan hijabinta, yara na bin ta suna kukan jaki. Ni kuwa ajina na manne da nasu, sau da yawa nakan tsaya a taga da alli a hannu in kalli abin da ake yi. Wani lokaci har da 'yar dariya, don a raina cewa nake ai mu ma an yi mana, ga mu nan ba mu mutu ba.

Ranar wata Lahadi da yamma mahaifinta Malam Inuwa ya same ni ina gyara buhunan barkono a ƙofar gida. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi nasa, ya tambayi ruwa, na tambayi shuka, muka yi ta yi har ya rasa abin tambaya. Sannan ya dubi ƙasa.

"Malam Iliyasu, ni ban yi boko ba, ban san yadda ake yin ta ba. Amma yarinyar nan ni na ce sai ta yi karatu, uwarta ma ta so ta bar ta a gida ne. Yanzu ko abinci ba ta ci ranar Alhamis. To na rantse, in Juma'ar nan ta sake shigo mini da ƙashin mushe a wuya, ta gama makaranta. Ba jaka na haifa ba."

Na ce masa ya yi haƙuri, zan yi wa Malam magana. Ban yi ba. Duk da gemuna da 'ya'yana huɗu, in Malam Mu'awiyya ya dube ni ta saman tabarau, sai in ji igiyar nan tana gogar wuyana.

To, a daidai wannan makon ne Malam ya dawo daga bita.

Wata ƙungiya ce ta tara malaman Turanci na Ikara da Makarfi da Kudan a wani ɗakin taro a Makarfi, kwana uku, da shinkafa da cinyar kaza kullum. Aka raba musu jaka da hula da wani littafi mai sheƙi, aka ce musu sabuwar hanya ta zo: a koyar da kalmomi da nahawun Turanci ta hanyar batun cin zali a makaranta, yara su koyi yare su kuma koyi tausayi, duk a darasi guda. Aka ce za a biyo kowa makarantarsa a ga yadda yake koyarwa, wanda ya fi burgewa a ba shi takardar yabo. Malam ya dawo kamar wanda ya dawo daga aikin Hajji. Saura masa wata uku ya ajiye alli, kuma ba wanda ya taɓa ba shi ko takardar na gode.

Na duba littafin a ofishin malamai. Hotunan 'ya'yan Turawa ne a cikin doguwar motar makaranta, wani jan yaro yana ƙwace wa wani biredi mai nama a tsakiya. Yaranmu da suka ga hoton abin da ya fi damunsu shi ne wai makaranta ce ke da mota, kuma wai yaro ya zo da nama ya tsaya har aka ƙwace.

Malam bai ɗauki abin da wasa ba. Ya rubuta manyan kalmomi uku a allo: ta mai cin zali, ta wanda ake ci wa zali, da ta ɗan kallo mai tsayawa ya zuba ido. Ya tsara jimloli biyar masu kyau, na cewa cin zali mugun abu ne, mu ƙaunaci juna, mu kare masu rauni, ya ce kowa ya haddace. Litinin zuwa Alhamis ina jiyo su ta bango suna rerawa. Duk wanda ya yi kuskure a jimlar mu kare masu rauni, bulala biyu. Ranar Laraba da aka zo kan Hindu ta maƙale a kalmar farko, Malam ya ɗaga hannu ya dubi agogo, ya sake duba, sannan ya ce da Turanci lallai ƙashin ya san 'yar'uwarsa. Aji ya fashe da dariya. Ni ma a taga sai da na rufe baki.

Ranar Alhamis Ja'afar ya take mata ƙafa a layin shan ruwa. Ƙashi ya koma mazauninsa.

Juma'a da hantsi sai ga farar mota ta ƙungiya. Wata matashiya ta fito, Malama Farida, da tabarau da babbar waya, tana wa kowa murmushi iri ɗaya. Malam ya sha farar shadda da hular bita. An share aji, an aro benci daga aji uku, an mayar da Hindu can baya kusa da bango inda ƙashin ba zai fito a hoto ba. Malam ya so ya karɓe ƙashin na awa ɗaya, amma ya ce doka doka ce. Ni na ba ajina aikin da zai ishe su har tashi, na kama tagata.

Darasi ya fara kamar yadda aka tsara. Malam ya nuna kalma, yara suka rera. Ya tambayi wane ne mai cin zali, hannu arba'in suka tashi, Ja'afar ya miƙe ya ba da ma'ana tiryan-tiryan, har da dafa ƙirji. Malama Farida ta ɗauke shi hoto. Aka juya jimloli daga yanzu zuwa jiya, daga jiya zuwa gobe, ba wanda ya yi tuntuɓe. Malam sai haske yake.

Sai baƙuwar ta ɓata shiri. Ta ce madalla, yanzu kowa ya yago takarda ya rubuta da Turancinsa labarin wani da ya taɓa cin zalinsa, kada ya sa sunan mutumin, kada ya sa nasa. Yara suka dubi Malam, Malam ya dubi rufi. Bayan minti goma sha biyar aka tattara. Talatin da tara daga ciki jimloli biyar ɗin nan ne na hadda, cin zali mugun abu ne, mu ƙaunaci juna. Malama Farida tana juyawa murmushinta na raguwa, har ta kai kan wata takarda da aka cika gaba da baya da ƙananan haruffa masu tsabta. Ta miƙa wa Malam ta ce ya karanta wa aji.

Malam ya leƙa layin farko, ya ga Turanci tsaf, sai ya gyara tsayuwa, ya gyara murya irin ta masu karanta labarai a rediyo. Ga abin da ya karanta, na mayar da shi Hausa gwargwadon iyawata:

"Akwai wani mutum a makarantarmu wanda ya fi kowa ƙarfi. Bai taɓa taka mini ƙafa ba, amma shi ya ba masu takawa dalili. Idan na buɗe baki zan yi magana, yakan dubi agogonsa."

Nan muryar rediyo ta ɗan girgiza. Amma baƙuwa na tsaye da waya a sama, ba halin tsayawa.

"Ranar Laraba ya ce ni 'yar'uwar jaki ce, kowa ya yi dariya. Akwai kuma ɗan kallo. Yana tsayawa a taga da alli a hannunsa. Babana ya gaya masa komai, ya ce zai yi magana."

Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi. Kawuna arba'in suka juyo taga. Na so in sulale in koma ajina, amma an riga an gan ni.

"Ina son Turanci fiye da kowane darasi. Na karanta littafinmu sau huɗu. A gida ina karanta wa awakinmu, domin su suna jira in gama. Yau ce ranata ta ƙarshe a makaranta. Ina so malamina ya sani cewa na iya, bakina ne kawai ba ya sauri."

Malam ya gama. Sai ya yi abin da ya saba yi da kowace takarda: ya zaro jan biro. Ya bi layi ɗaya bayan ɗaya yana neman inda zai ja, ya juya baya, ya dawo gaba. Kalmomin nan uku duk suna ciki, kowace a gurbinta. Na san Malam, da ya samu ko waƙafi ɗaya da ya kauce da ya samu wurin fakewa. Bai samu ba. Shekara talatin da huɗu yana neman ɗalibin da zai rubuta masa shafi guda babu jan biro, sai ga shi ya samu, kuma shafin a kansa aka rubuta.

Ya mayar da biron aljihu. Ya taka a hankali tsakanin benci har bangon baya, ya tsaya a gaban Hindu. Ta sunkuyar da kai tana jiran abin da aka saba.

"Hindu," in ji shi. "'Yata, ki yafe mini. Ban sani ba. A'a, na sani, ban duba ba ne."

Da Hausa ya faɗa. Hausar Makarfi tsantsa, irin ta zauren mahaifinsa.

Wata yarinya ta dafe baki. Ja'afar ya zaro ido ya ce a hankali, "Kai! Malam ya yi banakula." Shi ma da Hausa ya faɗa, amma ba wanda ya bi ta kansa.

Hindu ta ɗago. Ta dubi Malam, ta dubi ƙashin da ke ƙirjinta. Sannan ta miƙe tsaye ta fara jimlar kamu. Ta maƙale a harafin farko. Ta sake farawa, ta sake maƙalewa. Na ga hannun Malam ya fara tashi zuwa agogo don sabo, sai ya kama kansa, ya kwance agogon gaba ɗaya ya jefa a aljihu, ya harɗe hannu a baya. Ban san minti nawa aka ɗauka ba. Kalma uku ce kacal, amma sai da ta haɗa gumi kafin ta kai ƙarshe, kuma ba wanda ya yi tari.

Malam ya juyo ya dubi aji, ya tambaya da Turanci ko akwai shaida, domin doka ta ce sai da shaida. Yara arba'in suka zama kurame. Wa zai yi shaida a kan mai bulala?

Na ɗaga hannuna da allin a ciki, na ce daga taga ni na ji.

Hindu gajera ce, shi kuwa dogo, sai da ya cire hular bita ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya kafin igiyar ta wuce kansa. Muƙamuƙi ya sauka a kan farar shadda. Bai gama miƙewa ba aka buga ƙarfen tashi.

Malama Farida ta fashe da tafi. Ta ce ba ta taɓa ganin wasan kwaikwayo na cikin aji da ya kai wannan tsari ba, ta tambayi kwana nawa aka yi ana gwaji, ta ɗauki hoton ƙashin ta gaba da ta gefe. Daga baya muka ji ta rubuta a rahotonta cewa malamin ya yi amfani da kayan koyarwa na gargajiya cikin hikima. Takardar yabo kuwa Malam ya samu, har da hotonsa a jiki, durƙushe.

Ranar nan da ƙashin ya hau babur ɗinsa. Shugaban makaranta ya roƙe shi ya sa a jaka, ya ƙi. Ya ratsa gari a hankali, ta gaban masu rake, ta gaban mahauta, yara suka biyo shi da kukan jaki har suka ga fuskarsa suka yi shiru. A ƙofar masallacin Juma'a ya cire ya rataye a kan babur, da aka idar ya mayar. Malam Inuwa na nan tsaye yana neman takalminsa. Ya dubi wuyan Malam ya daɗe, sai ya matso ya ba shi hannu biyu.

Litinin Hindu ta zo makaranta. Malam ma ya zo, da ƙashi a wuya da bulala a hannu, ya ajiye bulalar a teburin shugaba ya ce bulala shida doka ke bin sa. Shugaba ya ce shi ba zai daki sa'an yayansa ba, aka bar maganar a nan, bulalar kuma ba ta sake komawa aji ba.

Wata ukun da suka rage masa da ƙashin ya yi su. Da farko yara na tsoro, daga baya suka gane, suka riƙa zuwa gabansa suna Hausa da gangan, Ja'afar har da tallan gyaɗa a kunnensa. Malam ya kurumce. Turancinsa dai bai fasa ba, jan biro ma bai huta ba, kuma ba zan ce ya zama mai fara'a ba, don ƙarya ce. Abin da ya sauya shi ne in ɗalibi ya miƙe zai yi magana, Malam yakan zauna.

Hindu yanzu tana babbar sakandare a Ikara. I'inar na nan, ba ta je ko'ina ba.

Watan jiya na je gaishe shi. Na same shi a zaure yana ɓare masara, Azumi na masa faɗa daga ciki kan awaki. Takardar yabo na jingine a bayan buhu, ƙura ta rufe ta. Muƙamuƙin kuwa na rataye a ƙusa daidai saman inda yake zama. Na ce, "Malam, wannan abu ai ya ci a jefar da shi haka nan."

Ya dube ni ta saman tabarau. Wannan karon ban ji igiya a wuyana ba.

"Iliyasu, ai doka ta ce sai na kama wani," in ji shi da Hausa. "Har yanzu ban kama kowa ba."